Yadda za ka gane lens ɗin da zai daɗe, da yadda za ka hana shi mutuwa da wuri

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon lens na kyamara mai 50mm irin na shekarun 1970, na Nikon ko Pentax ko Minolta, ya san yadda zoben fokas ɗinsa yake juyawa da nauyi mai daɗi, babu sassauci babu ƙagewa. Abin da ke cikinsa kaɗan ne: gilasai 6 ko 7, bututu biyu na tagulla da alminiyam masu zare da ke shiga juna kamar noti da kusarsa, giris a tsakaninsu, sai ganyayyakin ƙofar haske, masu buɗewa da tsukewa don auna hasken da ke shiga, da ɗan sifirin da ke mayar da su. Idan ya yi tauri bayan shekara 30, mai gyara zai kwance shi, ya wanke tsohon giris, ya sa sabo, ya ɗaure, a ci gaba da aiki. Lens ɗin yau yana iya fin wancan kaifin hoto nesa ba kusa ba, amma ya mutu murus cikin 'yan shekaru saboda wata siririyar waya ta tsage a cikinsa.

Yawancin masu ƙorafi a kan filastik suke ɗora laifi, shi ya sa suke auna lens a tafin hannu, in ya yi nauyi su ce mai ƙarko ne. Wannan awon yana yaudara. Tsawon ran lens na zamani yana rataye ne a kan sassan da ke motsi da lantarki a cikinsa, da kuma ko za a samu kayan gyaransu ranar da suka tsaya. A kan waɗannan ya kamata mai saye ya sa ido.

Abin da ya canza

A 1985 Minolta ta fito da kyamarar 7000 mai saita fokas da kanta, kasuwa ta juya. A 1987 Canon ta kawo tsarin EF, inda ta cire duk wani ƙarfe da ke haɗa kyamara da lens wajen aiki, ta mayar da fokas da ƙofar haske hannun ƙananan injuna a cikin lens ɗin, umarni kuma yana bi ta ɗigogin ƙarfe masu ruwan zinariya da ke gindinsa. A 1995 aka ƙara na'urar hana rawar hoto a zum ɗin Canon na 75-300mm, wato lens mai jawo nesa kusa. Da kyamarori marasa madubi suka zo, tsarin E na Sony a 2010, RF na Canon da Z na Nikon a 2018, sai zoben fokas na yawancin lens masu otofokas ya zama ba ya taɓa gilashi sam. Kana murɗa shi, sensa ta karanta, inji ya motsa gilashin. In injin ya mutu, ko da hannu ba za ka iya fokas ba.

Gilasan ma sun ƙaru. Tsohon 50mm f/1.8 gilashi 6 gare shi, amma Nikon Z 50mm f/1.8 S yana da 12, Canon EF 70-200mm f/2.8L IS II kuma 23. Kowane gilashi dole ya zauna daidai a kan layi ɗaya da sauran. A kyamara mai megafiksel 45, faɗin fiksel ɗaya wajen maikuron 4.4 ne, alhali gashin kai ɗaya ya ninka hakan fiye da sau goma. Karkacewar da ba za ta taɓa nunawa a fim ba, yau ana ganin ta ƙarara a allon kwamfuta. Faɗuwar da tsohon lens zai shanye ba a gane ba, sabon tana iya ɓata masa gefe guda na hoto.

Adalci kuwa shi ne a tuna cewa tsofaffin da muke yabo su ne waɗanda suka tsira. Na banza na wancan zamanin tuni an zubar da su. Waɗanda suka ragen ma suna da nasu ciwon, giris na narkewa ya gangara kan ganyayyaki, gilashi na yin hazo, wasu kamar Takumar 50mm f/1.4 gilashinsu na komawa rawaya saboda sinadarin toriyam da ke ciki. Bambancin shi ne kusan duk ciwonsu yana gyaruwa da hannu da sabon giris.

Filastik iri-iri ne. Wanda ake jikin lens mai kyau da shi an gauraya shi da zaren gilashi, yana lanƙwasawa kaɗan ya dawo, ko ya fashe ya shanye bugun. Alminiyam in ya lotsa ya lotsa ke nan, kuma yana miƙa ƙarfin bugun zuwa ciki. Lens da yawa masu gindin ƙarfe, in ka cire sukurori 4 da ke riƙe da gindin, za ka tarar cikin filastik suka shiga, kuma hakan yana da amfani, domin in an faɗi nan ne zai karye maimakon bakin kyamara ya lanƙwashe. Inda filastik yake cutarwa shi ne haƙoran gindi a lens mai nauyi ko wanda ake cirewa ana sawa kullum, da ƙananan giya na fokas. Tarihin Canon EF 50mm f/1.8 ya nuna yadda tsimin kuɗi ke shiga ƙira: na farko na 1987 gindin ƙarfe gare shi da tagar nuna nisa, na biyu na 1990 aka mayar da gindin filastik aka cire tagar, sai a 2015 samfurin mai injin fokas na STM ya dawo da ƙarfen.

Sassan da ke fara mutuwa

Na gaba-gaba shi ne fileks, wata falalen waya mai ruwan lemo, siririya kamar leda, da layukan jan ƙarfe a shimfiɗe a kanta. A cikin zum, rukunin da ke ɗauke da ƙofar haske yana gaba yana baya duk lokacin da ka murɗa zobe, fileks ɗin da ke kai masa wuta kuma yana naɗewa yana miƙewa a wuri ɗaya. Kamar wayar ƙarfe da ake ta lanƙwasawa, wata rana layi ɗaya zai katse. Alamarsa tana da sauƙin ganewa in ka san ta. Lens zai ɗauki hoto lafiya in ƙofar haske a buɗe take gaba ɗaya, amma da ka rage ta zuwa f/8 sai kyamara ta tsaya. Ko ya yi aiki a farkon zum, ya ƙi a ƙarshensa, domin a wani matsayi bakin tsagar yana haɗuwa, a wani kuma yana rabuwa. Kyamarar Canon takan nuna Err 01, ta Nikon da ta Sony sukan nuna F-- a gurbin lambar ƙofar haske. Masu gyara sun san wannan ciwon sosai a samfurin farko na Canon EF 24-105mm f/4L na 2005, da kuma ƙananan zum da ake haɗawa da kyamara a kwali. Wayar kanta ba ta da tsada, aikin ne mai yawa, sai an kwance lens kusan har tsakiyarsa kafin a kai gare ta.

Sai injin fokas. Nau'in zobe mai aiki da girgizar da kunne ba ya ji, wanda Canon ke kira USM, Nikon ke kira SWM a lens masu alamar AF-S, Sigma ke kira HSM, yana juyawa ne ta hanyar gogayya tsakanin zobba biyu. In datti ko danshi ya shiga tsakaninsu, ko lens ya daɗe a ajiye, zai fara ƙara siririya kamar kukan ɓera, daga baya ya riƙa cijewa. Nau'in STM yana tura gilashi da dogon sukuru ko giya, bugu ne babban makiyinsa. Na uku mai maganaɗisu ne, yana zame gilashi a kan sanduna ba giya ba sukuru. Wannan in kyamara a kashe take ka girgiza lens za ka ji abu yana kai-komo a ciki, kuma ba lalacewa ba ce, gilashin ne ba shi da mariƙi sai wuta ta shiga. In an kunna har yanzu yana ƙwanƙwasa, to akwai matsala.

Na'urar hana rawa gilashi ce da ke shawagi a kan ƙananan ƙwallaye ko sifirin, sensa biyu suna jin motsin hannunka, naɗin waya da maganaɗisu suna tura gilashin ya rama. In ta fara lalacewa hoto yana tsalle a mahangi, ko ka ji gurnani, ko gilashin ya maƙale a gefe ya dusashe rabin hoto.

Akwai kuma ƙananan rola na filastik, wasu ba su kai ƙwayar wake ba, da ke gudu a cikin tsagin bututun zum suna riƙe da rukunin gilasai. Kowane rukuni yawanci rola 3 ke riƙe da shi. In ɗaya ta cinye ko sukurunta ya kwance, rukunin zai karkace, zum ya riƙa cijewa a wuri ɗaya, hoto ya yi laushi a gefe guda.

Duba lens kafin ka biya

Ka je da kyamararka da cikakken batir, da ƙaramar tocila, da filta mai girman bakin lens ɗin in kana da ita. Minti 20 sun isa, kuma mai sayarwar da ya hana ka su ya riga ya ba ka amsa.

Fara da waje. Dubi kawunan sukurorin gindi, in sun cinye ko sun yi zane, an taɓa buɗe lens ɗin, ka tambayi dalili. Dubi haƙoran gindi, in farin ya goge tagulla ta bayyana, ya sha aiki, ko da jikinsa yana ƙyalli. Ɗaura filta a baki, in ta ƙi shiga ko ta cije a rabi, bakin ya lotsa, wato ya taɓa faɗuwa ta gaba. Miƙe zum har ƙarshe ka kama bututun gaba ka motsa shi a hankali. Ɗan motsi kaɗan ba komai ba ne, amma in yana kaɗawa har hoto na motsi a mahangi, rola sun cinye. Murɗa zoben zum a hankali daga farko zuwa ƙarshe ido a rufe, ka bar yatsunka su ji. Nauyin ya zama iri ɗaya, ba inda ya yi tauri, ba ƙurus-ƙurus na yashi.

Cire murfin gaba da na baya, ka haska tocila ta baya a karkace, kana kallo ta gaba, kada hasken ya doki idonka kai tsaye. Ƙura za ka gani ko a sabon lens, kuma ba ta taɓa hoto. Abin gudu uku ne. Fumfuna tana kama da saƙar gizo ko saiwar ciyawa da ta faro daga gefe. Hazo yana kama da tururin numfashi a kan madubi, yana rage ƙarfin launi in ka fuskanci haske. Rabuwar manne kuma tana fitowa kamar bakan gizo ko ɗigon mai a gefen gilasai biyu da aka liƙa, wannan da wuya ya gyaru sai an canza rukunin. Zane a gilashin baya ya fi na gaba illa, don ya fi kusa da sensar kyamara mai ɗaukar hoto.

Yanzu ɗaura shi a kyamara. Gwajin fileks shi ne ka sa ƙofar haske a f/16 ko f/22, ka ɗauki hoto 10 a jere a kowace lamba da ke rubuce a zoben zum, sannan ka sake kana murɗa zum tsakanin hoto da hoto. Ko sau ɗaya kyamara ta nuna kuskure, fileks ya fara tsagewa. Gwajin ganyayyaki kuma, sa kyamara a M, wato saitin hannu, ka fuskanci bango mai haske ɗaya, ka ɗauki f/4 a 1/1000, f/5.6 a 1/500, f/8 a 1/250, f/11 a 1/125, f/16 a 1/60. Tsakiyar hotunan biyar ya kamata haskenta ya zo kusan ɗaya. In na f/11 da f/16 sun fi haske, ganyayyakin suna jinkirin rufewa, mai ya hau su ko injinsu ya gaji. Ga fokas, ka sa shi ya yi kusa ya yi nesa sau 20, ka kara kunne, ka maimaita lens na kallon sama sannan yana kallon ƙasa, domin inji mai rauni ya fi tona kansa in yana ɗaga gilashi sama.

Gwajin kusurwa huɗu

Wannan gwajin shi ne mafi muhimmanci, kuma ya shafi sabon lens da aka ciro daga kwali yanzu, domin karkataccen gilashi yana iya fitowa tun daga masana'anta. Ka yi shi a kwanakin farko, tun ana iya mayarwa.

Nemi wani abu mai ƙananan layuka da ke nesa, mita 100 ko fiye, kamar eriya a kan gini ko allo mai rubutu. Yi da safe kafin zafi ya fara kaɗa iska, don wannan kaɗawar tana ɓata gwaji. Kashe na'urar hana rawa, buɗe ƙofar haske har ƙarshe, sa gudun shata 1/1000 ko sama. Ka sa abin a tsakiyar hoto, ka saita fokas a kansa sau ɗaya, ka mayar da fokas na hannu, kada ka sake taɓa zoben. Daga nan ka juya kyamara abin ya koma kusurwar sama ta hagu ka ɗauka, sama ta dama, ƙasa ta hagu, ƙasa ta dama, tazararsa daga gefe iri ɗaya a kowanne. A kyamara marar madubi ka kula kada ta yi barci a tsakiyar gwaji, domin in ta farka wasu lens suna mayar da fokas wani wuri, sai ka sake daga farko.

Buɗe hotunan huɗu a kwamfuta a girman kashi 100, ka jera su. Kusurwa ta fi tsakiya laushi abu ne da aka saba, kuma ɗan bambanci tsakanin kusurwoyi babu zum ɗin da ya rasa shi. Abin da kake nema shi ne kusurwa ɗaya ko gefe ɗaya da ya yi dishi-dishi a fili, ko layuka suka yi wutsiya ta gefe guda, alhali sauran suna da kaifi. In ka gani, maimaita da wani lens da ka yarda da shi. In shi ma wannan kusurwar ce ta yi laushi, laifin na kyamara ne, bakinta ko sensarta ta karkace. Zum kuma sai an gwada shi a farko, tsakiya da ƙarshe, don yana iya zama lafiya a 24mm ya karkace a 70mm.

Riƙo na yau da kullum

Kashe kyamara kafin ka cire lens, ka jira daƙiƙa 2 zuwa 3. A lens da yawa, cikin wannan lokacin ne na'urar hana rawa take komawa tsakiya ta kulle. In ka fizge shi tana aiki, gilashin zai shiga jaka a sake yana bugun gefe.

Kafin lens ya shiga jaka ka mayar da zum mafi gajarta, wanda bakinsa ke fitowa wajen fokas kuma ka mayar da shi nesa har bakin ya shige. Canon EF 50mm f/1.4 na 1993 misali ne da aka sani, in ya bugu ta gaba bakinsa a waje, siririn bututun da ke jan fokas yana lanƙwashewa, fokas ya cije. Lens masu ƙaramin inji da giya, kamar EF 50mm f/1.8 II da tsofaffin 18-55mm, kada ka murɗa zoben fokas ɗinsu maɓalli yana kan AF, wato otofokas, kana tilasta wa haƙoran giya ne. Ƙananan zum da ke fitowa da kansu in an kunna kyamara, ka tabbata ba abin da ya tare bakinsu, kyamarar da ta kunnu a cikin jaka tana iya karya giyarsu a take.

Rumfar baki da ake ɗaurawa don tare rana ita ce kariya mafi arha. In lens ya faɗi ta gaba ita ke karyewa ta shanye bugun. Filta ba ta yin wannan aikin, zobenta na ƙarfe yana lotsawa ya maƙale, fasasshen gilashinta kuma yana iya karce na lens. Amfaninta yana wajen yashi da feshin ruwan teku, da kuma wasu lens kamar Canon EF 17-40mm f/4L da kamfanin ya ce kariyarsu daga ruwa ba ta cika sai an ɗaura filta.

Lens ɗin da ya kai kilo 1 ko fiye, shi ake riƙewa, kyamara ta bi shi. In za a ɗora a kan mai ƙafa uku, ta zoben lens ɗin za a ɗaura. A doguwar tafiya mai girgiza, kan babur ko hanya marar kyau, raba lens mai nauyi da kyamara, kowanne da gurbinsa mai soso. Girgiza tana kwance sukurori a hankali, don haka duk bayan wata 6 ka taɓa na gindi ka ji ko sun saki.

Kalmar nan ta cewa lens yana jure ruwa da ƙura, yawancin kamfanoni ba sa haɗa ta da wani ma'auni, kuma garanti ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa. OM System na cikin 'yan kaɗan da ke rubuta lamba, IP53, a wasu kayansu, wadda ke nufin yayyafi da ƙura, ba nutsewa ba. Zum ɗin da ke miƙewa famfo ne, duk miƙewa yana zuƙar iska, duk komawa yana fitar da ita, kuma iskar da ƙurarta take shiga. Cikin guguwar ƙura ka rage wasa da zum. In yashi ya hau lens kada ka murɗa komai sai ka kaɗe shi da buroshi, musamman bututun da ya fito, don in ka mayar da shi da yashi a jiki ka kai wa rola abin da zai cinye su. In ruwan gishiri ya taɓa shi, goge da tsumma mai ɗan damshin ruwa mai daɗi a ranar, sannan ka busar.

Wajen goge gilashi, fara da famfon iska na hannu, sai buroshi mai laushi, sannan tsumman goge tabarau. Ruwan gogewa a kan tsumma ake ɗiga shi. In ka ɗiga a gilashi zai gangara gefe ya shiga ciki. Ɗigogin zinariya na gindi kuwa, auduga da sifirit na aisofurofil mai kashi 99 sun isa, kada ka kankare su da magogin fensir, ruwan zinariyar siriri ne. Maganin sauro na shafawa mai DEET yana narkar da filastik ya ci rubutun jikin lens, ka wanke hannu kafin ka riƙe.

Ajiya

Fumfuna tana son danshin da ya kai kashi 70 na 'yan kwanaki a jere, da duhu, da iska marar motsi, da zafi tsakanin digiri 10 zuwa 35. Jakar kyamara da aka rufe bayan an sha ruwan sama ta cika duk sharuɗɗan, jakar fata ma ta fi muni. Abin da ake so shi ne danshi tsakanin kashi 40 zuwa 50. Akwai akwatin lantarki da ake sayarwa don wannan, amma akwatin filastik mai murfin da ke da roba a baki zai yi. Zuba silika jel mai canza launi, giram 100 zuwa 200 ga akwati mai lita 10 zuwa 20, ka sa ƙaramin ma'aunin danshi a ciki ta inda za ka gani ba sai ka buɗe ba. In launin ya juya, mai ruwan lemo zuwa kore ko shuɗi zuwa ruwan hoda, ta ƙoshi, sai a gasa ta a digiri 110 zuwa 120 na kamar awa 2 ta dawo. Kada danshi ya yi ƙasa da kashi 30 na tsawon lokaci, giris da roba suna bushewa. Lens mai fumfuna kuma a ware shi daga sauran.

In za ka fito da lens daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa waje mai zafi da danshi, raɓa tana sauka har kan gilasan ciki, in ta bushe ta bar tabo. Sa shi a leda ka ɗaure tun kana ciki, ka bar shi a waje minti 30 zuwa 60 kafin ka buɗe. Motar da aka rufe a rana zafinta na iya haura digiri 60, a nan giris ke narkewa ya gangara kan ganyayyaki, manne kuma ya yi rauni.

Lens mai inji ba ya son dogon zama. Sau ɗaya a wata ka ɗaura shi, ka sa fokas ya kai ƙarshe ya dawo sau 10, ka miƙe zum, ka ɗauki 'yan hotuna a f/16, ka bar na'urar hana rawa ta yi aiki na minti ɗaya.

Gyara da kayan gyara

A nan ne bambanci da tsohon zamani ya fi ciwo. Sassan lens na yau dunƙule suke zuwa, inji da sensarsa da fileks ɗinsa abu guda, wasu gilasan an liƙe su cikin filastik ba a buɗewa, ko fumfuna ce a tsakaninsu sai dai a canza rukunin duka. Bayan canji kuma lens da yawa sai an saita su da manhajar da ke hannun kamfani. A 2012 reshen Nikon na Amurka ya daina sayar wa masu gyara masu zaman kansu da yawancin kayan gyara, abin da ya tayar da ƙura a lokacin. Kamfanoni kan ci gaba da gyaran samfuri na wasu shekaru bayan sun daina ƙera shi, daga nan su rufe, Canon a Japan har jeri take wallafawa na lokacin da gyaran kowane samfuri zai ƙare. Don haka kafin ka sayi lens na hannu mai tsada da aka daina yi, ka tambayi mai gyara ko ana samun injin fokas da fileks ɗinsa. Tsofaffin manyan lens irin su EF 200mm f/1.8L, da zobensu ke aiki da wuta kawai, in injin ya tafi babu sabo, gilashi mai kyau ya zama kayan ado.

In ƙarko ne babban burinka, zaɓi mai ƙarancin sassa masu motsi. Lens marar zum ya fi zum, zum ɗin da ba ya miƙewa ya fi mai miƙewa, wanda zoben fokas ɗinsa ke haɗe da gilashi kai tsaye zai ci gaba da aiki da hannu bayan injinsa ya mutu. Nikon AF-D ba su da inji a ciki sam, kyamara ce ke juya su, sai dai a kan adaftar FTZ, wadda ke haɗa su da kyamarorin Nikon Z, ba sa otofokas. Har yau Voigtländer da Leica suna ƙera lens na hannu zalla da ƙarfe da giris.

Abin da za ka iya yi da kanka kaɗan ne: canza robar zobe da ta saki, goge ɗigogin gindi, ɗaure sukurun da ya kwance. Sukurorin kayan Japan irin JIS ne, sukundireban Phillips yana zamewa ya cinye kansu, ka nemi JIS mai lamba 00 ko 000, ka danna sosai, ka tsaya da zarar ya kama, don zaren filastik ba ya jure matsi. In ka cire gindi za ka iya tarar da siraran washa a ƙarƙashinsa, wasu sun fi takarda siranta, su ne ke daidaita zaman lens da sensa. Ɗauki hotonsu kafin ka taɓa, kowacce ta koma inda take. Canjin fileks yana buƙatar liƙi da dalma, kuma tun dokar Tarayyar Turai ta 2006 dalmar da ke kayan lantarki marar gubar darma ce, tana narkewa a wajen digiri 217 maimakon 183 na tsohuwar, zafin da ke iya ƙona fileks a hannun da bai saba ba. Rukunin gilashin gaba ma kada ka kwance, a zum da yawa da shi ake saita daidaiton hoto a masana'anta.

Idan ka kai gyara, faɗa wa mai gyaran ainihin inda matsalar take fitowa, a wace lambar zum, a wace ƙofar haske, da saƙon da kyamara ta nuna, ka haɗa masa da hotunan gwajin kusurwa huɗu na kafin gyara. Ranar karɓa ka je da kyamararka, ka maimaita gwajin f/22 da na kusurwa huɗu a wurin, domin lens da aka kwance har tsakiya yana iya dawowa fileks sabo amma gilashi a karkace, kuma a ranar ne ya fi sauƙi a sake buɗe shi a daidaita.